MIYAR TUMATIR TA GIDA TA FI TA GWANGWANI

Bayani ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Daura

An shirya wannan takarda domin hakiman ƙasar Daura da malamansu, su karanta su fahimta, sa'an nan su isar da abin da ke cikinta ga dagatai da masu unguwa, su kuma su isar ga talakawa. Maganar miya ce. Wanda ya ji ta sama-sama ya iya cewa sha'anin cikin gida ne, bai kai a kawo shi zauren hakimi ba. Amma abu uku suna rataye da ita, ko wannensu kuwa yana cikin amanar da ke wuyan shugaban jama'a: lafiyar mutane, da kuɗin cefanen magidanci, da wahalar mai lambu.

Ga gundarin maganar. Da rani a kan noma tumatir har ya fi ƙarfin kasuwa, ya ruɓe a kwando. Bayan 'yan watanni kaɗan, mutanen nan da suka zubar da shi su ne su ke komawa kanti su sayi na gwangwani da na leda, wanda yawancinsa daga wata ƙasa ya taso, ba su kuma san iyakar abin da aka zuba a cikinsa ba. Gidan da ya dafa miyarsa da tumatirin lambu, ya yi tanadin damina tun yana da araha, ya san abin da iyalinsa ke ci, kuɗinsa kuma ya tsaya a hannun maƙwabcinsa.

SHEKARAR TUMATIR

Ƙasar Daura, watau Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, ƙasa ce mai jigawa. Daminarta gajeriya ce, ruwa ya kan zauna daga Yuni zuwa Satumba. Shi kuwa tumatir ba ya son zafi mai tsanani, ba ya son yawan laima. Lokacinsa shi ne sanyin hunturu. Masu lambu su kan yafa iri a ƙarshen damina, su dasa da kaka, a fadamu da bakin madatsun ruwa irin na Daberam da Sabke, da lambunan da a ke yi wa ban ruwa da rijiya. Daga Janairu zuwa Maris, har cikin Afrilu, sai ya nuna ko ina a lokaci guda. Na Daura ya fito, na Kano da na Jigawa da na Zariya sun fito, kasuwa ta cika, kuɗinsa ya faɗi warwas. Nunannen tumatir kuwa ba ya jiran ciniki, kwana 3 ko 4 cikin zafi sun isa su lalata shi. Masu binciken harkar noma sun ƙiyasta cewa cikin ko wane kwando 10 da a ke tsinka a Nijeriya, wajen 4 ba su kaiwa tukunya.

Da bazara ta kama, zafi ya kan kakkaɓe furen, ruwan rijiyoyi ya ja baya. In damina ta sauka sai cututtukan ganye su taso, hankalin manomi kuma ya koma ga gero da wake da gyaɗa. Saboda haka daga Mayu zuwa Agusta tumatir ya kan yi wuya, ya yi tsada. A nan ne gwangwani ke samun ƙofar shiga, in kuwa ya shiga gida aka saba da shi, ko tumatir ya dawo ba ya fita.

Wata shekara kuma annoba ke kawo tsadar. A 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta afka wa gonakin tumatir a jihohin Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa, ta cinye ganye da 'ya'ya, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan al'amarin. Kuɗin kwando ya ninka sau da dama cikin 'yan makonni. A irin wannan shekara, gidan da ba shi da tanadi ba shi da zaɓi.

ASALIN TUMATIR DA ASALIN GWANGWANI

Tumatir baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa Amurka ta Kudu, mutanen Meksiko ne suka raine shi ya zama amfanin gona, daga harshensu ma sunansa ya taso. Mutanen Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu cikin duniya. Kafin zuwansa kakanni da kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa su ke miya, daddawa ke ba ta ɗanɗano. Yau kuwa jar miya ta zama ta yau da kullum, musamman tun da cin shinkafa da taliya ya yawaita.

Dabarar ajiye abinci a rufaffen mazubi wani Bafaranshe ne mai suna Nicolas Appert ya bayyana ta a 1810. Abin da ya gano shi ne, in aka zuba abinci a kwalba, aka toshe bakinta sosai, aka tafasa ta cikin ruwa, abincin zai daɗe bai lalace ba. A wannan shekara kuma wani mutumin Ingila, Peter Durand, ya sami takardar mallakar dabarar yin haka a gwangwani. A 1897 kamfanin Campbell na Amurka ya fara sayar da miya mai kauri a gwangwani, har da ta tumatir, wadda a kan ƙara wa ruwa a ɗumama a sha da cokali kamar romo. Irin wannan dafaffiyar miya ba ta kama kasuwa a ƙasar Hausa ba. Abin da ya kama shi ne markaɗaɗɗen tumatir mai kauri, wanda a ke haɗa miya da shi. Ya kamata a lura da abu guda a cikin wannan tarihi: da kwalba da tukunyar ruwan zafi aka fara, ko wane gida kuwa yana da su.

Ƙasashen da suka fi sarrafa tumatir a duniya su ne Sin da Amurka da Italiya. Mai yawa daga wanda ke shigowa Afirka ta Yamma daga Sin ya ke zuwa, cikin manyan ganguna, a sake ɗura shi a ƙananan gwangwanaye da ledoji. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga kuɗin fiton wannan kaya zuwa kashi 50 cikin 100, ta ƙara harajin dala 1,500 a kan ko wane tan, domin a ƙarfafa na gida. Kafin wannan, a 2016, kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'anta a Kadawa ta Jihar Kano, wadda aka gina domin sarrafa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a yini, amma ta sha tsayawa saboda ba ta samun isasshen tumatir a ko wane lokaci na shekara. Wannan ya nuna cewa mai lambu a Ɓaure ko Zango ba zai zauna jiran masana'anta ta kwashe masa rarar amfaninsa ba. Masana'antar da ta fi kusa da shi ita ce murhun gidansa da na maƙwabta.

ABIN DA KE CIKIN GWANGWANI

Cikin kashi 100 na ɗanyen tumatir, wajen 94 ruwa ne. Aikin masana'anta shi ne ta ƙone ruwan ta bar jikin. Bisa ga ƙa'idar abinci ta duniya, wadda a ke kira Kodeks, ba a kiran kaya da sunan tumatir mai kauri sai ainihin tumatirin da ke cikinsa, ban da ruwa, ya kai kashi 24 cikin 100. Wajen kilo 6 na ɗanye ke ba da kilo 1 na mai kauri. Ƙaramin gwangwanin nan mai giram 70 ke nan, in na ƙwarai ne, bai wuce tumatir matsakaita 4 ko 5 ba. Magidanci ya auna kuɗin gwangwanin da kuɗin tumatir 5 a watan Fabrairu, zai ga inda ribar ta ke.

Kayan da ke kasuwa iri biyu ne. Akwai tsantsa, watau tumatir kaɗai, ko tumatir da ɗan gishiri. Wannan ba abin ƙi ba ne, abinci ne mai kyau. Akwai kuma haɗi, wanda a kan rubuta wa kalmar Turanci mix a jikinsa. A cikin irin wannan a kan sami sitaci ko wani abu mai sa kauri, da sukari, da gishiri, da launi mai sa ja. Ido ya kan ga miya ta yi ja ta yi kauri, alhali tumatirin da ke cikinta bai kai yadda a ke zato ba. Doka ta tilasta wa masu yin kayan abinci su jera sunayen abin da suka zuba, su fara da wanda ya fi yawa. Amma rubutun da Turanci ya ke, ƙanana ne kuma ƙwarai, yawancin masu girki ba su iya karanta shi. Wannan wuri ne da malamin hakimi zai yi wa jama'a amfani.

GISHIRI DA HAWAN JINI

Hawan jini cuta ce mai shiga ba sallama. Mutum ya kan yi shekaru da ita bai sani ba, sai ran da ɓarin jikinsa ya shanye, ko zuciya ta gaza, ko ƙoda ta lalace. Binciken likitoci ya nuna cewa wajen mutum 3 cikin manya 10 a Nijeriya suna da ita. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kawo ta shi ne yawan cin gishiri, domin gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jinin da ke gudana a jijiyoyi ya ƙaru, aikin zuciya ya yi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau kada ya cika ƙaramin cokalin shayi. Wannan kuwa ya haɗa da na gani da na ɓoye.

Ga misali. Dunƙulen nan da jama'a ke kira magi, ƙarami mai giram 4, wajen rabinsa gishiri ne. A ɗauka gida ne mai mutum 10, aka sa dunƙule 10 a miya, gishiri giram 20 ke nan. Aka ƙara babban cokali guda na gishiri, wajen giram 18. Jimla giram 38, ko wane mutum ya tashi da kusan giram 4 daga miya ɗaya tak, ban da na tuwo da na ƙosai da na burodi da na yaji, ban da kuma wanda ke ɓoye a cikin leda.

Ba za a ɗora wa gwangwani laifin wannan duka ba, gama mafi yawan gishirin da hannu a ke zuba shi. Amma abin tare ya ke tafiya. Miyar da ba ta da isassun kayan miya ba ta da ɗanɗanon kanta, da magi da gishiri a ke tallafa mata. Miyar da ta ji nunannen tumatir da albasa da daddawa da kayan ƙanshi ba ta bukatar wannan tallafi. Harshe kuma yana sabo: in aka riƙa rage gishiri kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni mutanen gida za su daina jin an rage.

AMFANIN TUMATIR GA JIKI

Ɗanyen tumatir kusan ba shi da gishiri ko kaɗan. Yana da fotashiyam, wanda ke taimaka wa jiki wajen daidaita jini. Yana da bitamin C, wanda ke ƙarfafa dasashi, ya taimaka wa rauni ya warke, ya kuma sa jiki ya fi jan sinadarin ƙarfe daga abinci irin wake da ganye, abin da mata masu ciki da yara ke bukata domin gudun ƙarancin jini. Abin da ke ba shi launin ja kuma, wanda a ke kira laikofin, yana da amfani ga jiki.

Wuta ba aiki ɗaya ta ke yi wa waɗannan ba. Bitamin C yana raguwa in dahuwa ta yi tsawo. Laikofin kuwa jiki ya fi karɓarsa in an dafa tumatir da ɗan mai. Saboda haka abin da ya fi shi ne a ci ta hanya biyu: dafaffe a miya, da kuma ɗanye, wankakke sarai, a kwaɗon zogale ko na rama ko a kan wake da shinkafa.

YADDA A KE MIYAR GIDA

Ga awon gida mai mutum 10: tumatir kilo 2, watau matsakaita 20 zuwa 25, tattasai 6, albasa manya 3, attaruhu gwargwadon yadda a ke so, man gyaɗa ko manja babban cokali 10, watau cokali guda ga ko wane mutum, daddawar kalwa, tafarnuwa da citta da masoro, gishiri ƙaramin cokali 2. In ba za a iya barin magi ba, kada ya wuce 2. Da wannan awo gishirin tukunyar duka wajen giram 15 ne, bai kai rabin na misalin da ya gabata ba.

1. A zaɓi tumatir nunanne mai tauri. Irin nan mai tsoka da ƙarancin ruwa, kamar Roma da wanda a ke kira UTC, ya fi auki. A guji ruɓaɓɓe da mai furfura ko da an karya kuɗinsa, domin wata furfurar tana haifar da dafin da wuta ba ta kashewa.

2. A wanke shi da ruwa mai tsabta sau biyu, saboda ƙura da sauran maganin feshi.

3. A jajjaga a turmi ko a niƙa a dutse. In inji za a kai, a tabbata an wanke shi, kada kuma a kai ran da aka wasa masa haƙora, domin garin ƙarfe ya kan bi markaɗen.

4. A ɗora markaɗen shi kaɗai, a bar tukunya a buɗe har ruwan ya ƙone ya yi kauri.

5. A soya albasa a man har ta yi laushi, a zuba markaɗen, a riƙa juyawa da wuta kaɗan har mai ya taso.

6. A zuba romon nama ko kifi, da daddawa da kayan ƙanshi. Gishiri shi ne na ƙarshe, bayan an ɗanɗana. A yi amfani da mai sinadarin aidin, domin rigakafin maƙoƙo.

7. In za a sa alayyahu ko zogale, a sa alayyahu ana kusa da saukewa, zogale kuwa a ba shi lokacin da zai yi laushi.

Mata da yawa su kan jefa kanwa domin kashe tsami. Kanwa tana kashe tsami, amma tana kashe bitamin C tare da shi. Wadatacciyar albasa, da karas ko kabewa kaɗan, da haƙurin barin markaɗe ya soyu, sun isa su yi wannan aiki.

In akwai majinyaci ko tsoho a gida, a ɗibar masa kafin a sa attaruhu, a ƙara romo, ya sha da cokali. Jaririn da ya wuce wata 6 ya fara cin abinci, a ɗibar masa kafin a sa gishiri da magi da yaji. Miyar da ta kwana kuma sai ta sake tafasa sosai kafin a ci.

TANADIN DAMINA

Duk wannan bayani ba zai yi amfani a watan Yuli ba in babu tumatir a gida. Hausawa sun ce don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Hanyoyin tanadi uku ne.

Ta farko, randa cikin randa. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar randa shi ke janye zafin ciki. Tumatirin da zai lalace cikin kwana 3 ya kan kai mako 2 ko 3. Aikinta da rani ne, sa'ad da iska ta ke a bushe. Da damina ba ta yin sanyi sosai.

Ta biyu, kauɗa, watau busasshen tumatir. Wannan tsohuwar sana'a ce, gyara kawai ta ke so. Abin da ke ɓata ta shi ne shanya a ƙasa ko a gefen kwalta, inda ƙura da ƙuda da awaki ke bi ta kai, shi ya sa miyarta ta kan yi baƙi da ƙasa-ƙasa. A wanke tumatir mai kyau, a raba shi biyu ko huɗu, a shimfiɗa a kan tabarma ko raga bisa gadon kara wanda ya tashi daga ƙasa, a lulluɓe da yadi mai shara-shara ko tsohon gidan sauro wankakke. A kwashe da yamma, a mayar da safe, har ya bushe ƙayau. Wajen kilo 12 zuwa 15 na ɗanye ke ba da kilo 1. A adana a mazubi mai murfi wanda laima ba ta shiga. In za a yi miya a jiƙa shi da ruwan zafi, a haɗa da busasshen tattasai, a markaɗa.

Ta uku, kwalba. Ita ce ta fi kama da ɗanye, ita ce kuma ta fi bukatar kulawa. A nemi kwalabe masu faɗin baki da murfin ƙarfe mai lafiya, a wanke a tafasa su. A markaɗa tumatir shi kaɗai, a dafa ya yi kauri. A ko wace lita guda a zuba ruwan lemon tsami babban cokali 2. A ɗura da zafinsa, a bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, a goge bakin a rufe. A shimfiɗa ƙyalle a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben a tsaye, ruwa ya sha kansu da faɗin yatsa biyu, su tafasa minti 50 ana ƙirgawa daga sa'ad da ruwan ya fara tafasa. In sun huce, murfin da ya lotsa ciki shi ne ya kamu. Wanda bai lotsa ba a yi miya da shi ran nan. A ajiye sauran a wuri mai duhu da sanyi, za su fid da gida damina.

A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Tsamin tumatir shi ne mai gadin kwalba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska, tana fid da dafi mai shanye jiki har ya kai ga kisa, tsami ne ke hana ta tsiro. Saboda haka kada a sa kanwa a tumatirin da za a ɗura, kada kuma a haɗa shi da albasa ko tattasai ko mai ko nama, domin suna rage tsamin. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko ta canza wari, a zubar da ita inda yaro ko dabba ba za su kai ba, kada a ɗanɗana. Wadda aka buɗe lafiya, a tafasa abin cikinta minti 10, a kuma ƙarar da shi ran nan in babu firji.

IN YA ZAMA TILAS A SAYA

Akwai matafiyi, akwai gidan da tanadinsa ya ƙare. Wanda zai saya ya duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, ya duba ranar ƙarewar wa'adi, ya zaɓi wanda jerin kayansa gajere ne. Kada ya karɓi gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe a wajen ɗinkinsa. In an buɗe an rage, a juye sauran a kwano mai murfi, kada a bar shi a gwangwanin. In kayan da gishiri a ciki, a rage wanda za a zuba da hannu.

AIKIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Wannan al'amari ba na tilas ba ne, babu tara, babu kamu. Jan hankali ya ke so da nuni. Ga abin da a ke roƙon ko wane hakimi ya yi a ƙasarsa.

1. Malamin hakimi ya buɗe shafi a littafinsa, ya riƙa rubuta kuɗin kwandon tumatir ko wace ranar kasuwa, a babbar kasuwa irin ta Mai'aduwa da ƙananan kasuwannin ƙauye. Shekara guda ta isa ta nuna makonnin da ya fi araha. In lokacin ya zo a yi shela, magidanta su sayi na tanadi.

2. A shirya nuni a ko wane gari tsakanin Janairu da Maris, a kafa gadon shanya, a ɗura kwalabe a gaban jama'a, gama gani ya kori ji. Tun da ya ke mata ne masu girki, da yawansu kuma ba su zuwa dandali, mata ne za su koya wa mata, ta hannun ungozomomi da malamai mata da ma'aikatan asibiti.

3. Dagatai su hori masu shanya su tashi daga gefen hanya, a nuna musu fili mai tsabta wanda dabbobi ba su shiga.

4. Masu lambu su kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin maganin feshi tsakanin feshi da tsinka. In aka ga tsutsa tana huda ganye da 'ya'ya, a sanar da malamin gona na hukumar KTARDA tun ba ta bazu ba.

5. Kayan da wa'adinsu ya wuce, ko waɗanda ba su da lamba, a kai rahotonsu ga duba-gari, shi ya isar ga hukuma.

6. A riƙa tuna wa manya su je asibiti a auna jininsu, ko da ba su jin ciwon kome. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari don ya gyara miyarsa, gyaran abinci taimako ne ga magani.

Daga ƙarshe, talakawa sun fi duban abin da a ke yi a gidan hakimi bisa ga abin da a ke faɗa a ƙofarsa. In aka ga gadon shanya a gidan hakimi da na dagaci da na malami a watan Fabrairu, aka kuma ci jar miyar kwalba a gidajen nan a watan Agusta, sauran gidaje za su bi ba tare da an yi ta maimaita shela ba. Mai lambu zai sami masu saye kusa da shi sa'ad da ya fi bukatarsu, magidanci zai rage cefanen damina, gishirin da ke shiga jikin iyali zai ragu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.